Tambaya da Amsa: Daga Ina Kalmar "Beli" Ta Samo Asali?

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum. Malam, a watan jiya ne aka tsare ƙanena bisa wata rigimar kasuwa, kotu kuma ta ba da belinsa bisa sharaɗin wani ya tsaya masa. Ni na tsaya, na sa hannu a takardar da aka rubuta naira dubu ɗari biyar a kanta, amma ba a karɓi ko kwabo daga hannuna ba. Da muka fito sai gardama ta kaure tsakanina da wani abokina. Shi ya dage cewa "beli" daga "bil" ta fito, wato takardar biyan kuɗi irin ta wutar lantarki ko ta asibiti, saboda haka duk inda aka ce beli, kuɗi ake nufi. Ni kuma na ce in haka ne, me ya sa ban biya komai ba? Don Allah a raba mana gardama.

Mai karatu daga Funtuwa

TAMBAYA TA BIYU

Malam, barka da aiki. Na karɓi hayar shago, a saman takardar yarjejeniyar an rubuta "contrat de bail" da Faransanci. A rediyo kuma ina jin 'yan'uwanmu na Nijeriya suna cewa an ba da belin wane, an ce mini rubutun kalmar a Turanci iri ɗaya ne da wadda ke kan takardata. Mene ne ya haɗa hayar shago da sakin wanda ake tuhuma?

Mai karatu daga Maraɗi

AMSA

Wa alaikumus salam. Na haɗa wasiƙun nan biyu wuri ɗaya ne domin kowace tana riƙe da rabin amsar 'yar'uwarta, kuma zan fara da Malam na Funtuwa, tunda shi ne ke da gardama a hannu. Kai ne da gaskiya, abokinka ya yi kuskure, ko da yake kuskure ne da ke da uzuri, domin abin da mutane da yawa suka saba gani a aikace shi ne ba a fita sai an zura hannu a aljihu. "Bil" da "beli" ba su haɗa kaka ba. Kalmar Turanci da ta haifi "bil" ta fito ne daga kalmar Latin "bulla", wato hatimin da ake bugawa a kan takarda, daga baya sunan ya koma kan takardar kanta. "Beli" kuwa daga kalmar Turanci "bail" Hausawa suka aro ta, suka daidaita ta da bakinsu kamar yadda suka yi wa "tela" da "fenti", suka kuma ƙara mata wasali a ƙarshe, saboda Bahaushe bai cika son rufe kalma da baƙi ba, kamar yadda ake gani a "kotu" da "joji" da "sammaci".

Ita ma "bail" ɗin baƙuwa ce a Turanci. Idan aka bi sawunta baya, za a ratsa tsohon Faransanci, inda ake da aikatau "baillier", mai nufin miƙa wa wani abu ko danƙa masa shi a hannu ya kula da shi, sannan a isa ga Latin, inda ake da suna "baiulus". Ma'anar wannan suna a wurin mutanen Rum ita ce ɗan dako, wato mutumin da ake biya ya ɗauki kaya, aikatau ɗinsa kuma "baiulare", ɗaukar kaya. Saboda haka tushen kalmar da manyan lauyoyi ke tsayawa a gaban alƙali suna kai ruwa rana a kanta, sunan talaka ne mai gammo a ka.

Yadda aka tashi daga dako aka iso kotu ba zai yi wa Bahaushe wuyar ganewa ba, domin harshenmu ya bi irin wannan hanyar da kansa ba tare da ya kwaikwayi kowa ba. Muna cewa wane ya ɗauki nauyin karatun marayu, ko an ɗora wa wane nauyin gida, alhali ba wani buhu da aka aza masa a ka. Haka Latin ta yi a ƙarnukan baya: mai ɗaukar kaya ya zama mai ɗaukar yaro, wato mai goyo da raino, daga nan ya zama mai kula da tarbiyyar 'ya'yan manya, daga nan kuma ya zama wakilin da aka danƙa wa riƙon gari ko dukiya. Har yau a harshen Italiyanci matar da ke shayar da ɗan wata "balia" ake kiranta, daga wannan tushe. Jakadan da birnin Benis, wanda ke ƙasar Italiya a yau, ke ajiyewa a Istanbul a zamanin da "bailo" ne sunan muƙaminsa. Ma'aikacin kotun da ke kai sammaci ko ya zo ƙwace kayan wanda aka yanke wa hukuncin biyan bashi, wanda Turawa ke kira "bailiff", shi ma jikan ɗan dakon nan ne, kuma a tsibiran Jasi da Ganzi da ke tsakanin Ingila da Faransa har gobe da wannan suna ake kiran babban alƙalin ƙasa. Duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su: an danƙa musu wani abu, sun ɗauka.

Abin tambaya shi ne yadda kalmar Faransanci ta shiga kotunan Ingila. A shekarar 1066 Wiliyam, sarkin yankin Nomandi da ke arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, inda aka kashe Sarki Harold. Sababbin masu mulki da Faransanci suke magana, sannu a hankali kuma harshensu ya zama harshen lauyoyi da alƙalai, Latin ta zama harshen rubuta kundin shari'a, Turanci kuwa aka bar wa manoma da 'yan kasuwa. Talaka yakan tsaya ana shari'arsa da harshen da ba ya ji. A 1362, zamanin Sarki Edward na Uku, aka yi dokar da ta ce a riƙa yin muhawara a kotu da Turanci, abin dariyar kuwa shi ne ita dokar kanta da Faransanci aka rubuta ta. Lauyoyi suka ci gaba da rubuce-rubucensu da wani gurɓataccen Faransanci nasu na kansu har tsawon ƙarnuka, sai da wata doka ta fara aiki a 1733 sannan aka tilasta amfani da Turanci a takardun kotu. Kafin lokacin kalmomin sun riga sun yi saiwa. Shi ya sa kalmomin Turanci da muka aro muka mai da su kotu da joji da sammaci duk ta hannun Faransanci suka biyo, ban da lauya, wadda tushenta kalmar doka ce da Ingilawa suka karɓa daga mutanen Sikandinebiya.

Yanzu ga inda gardamarku take warwarewa. A ƙarni na 14, lokacin da "bail" ta fara bayyana a rubutun Turanci, ma'anarta tsarewa ce ko riƙon wani a hannu, ba saki ba. A ƙarni na 15 ne ta koma nufin fitar da ɗaurarre na ɗan lokaci a danƙa shi ga wanda ya tsaya masa, sai daga bisani sunan ya zarce zuwa ga abin da aka yi alkawarin biya idan ɗaurarren ya ƙi dawowa. Kuɗin shi ne ɗan auta a tarihin kalmar. Dalilin wannan tsari kuwa larura ce ta zamanin. Alƙalan sarki yawo suke yi daga gunduma zuwa gunduma, wani lokaci sai a daɗe ba su zagayo ba, gidajen kurkuku kaɗan ne kuma cuta ta yi musu katutu, har sai da Sarki Henry na Biyu ya ba da umarni a 1166 cewa a gina kurkuku a duk gundumar da ba ta da shi. Hakimin gunduma, wanda suke kira sherif, sunan da ba shi da wata alaƙa da sharifanmu, yakan ga ya fi masa sauƙi ya miƙa wanda ake tuhuma ga danginsa ko maƙwabtansa su riƙe shi, su kawo shi ranar da alƙali ya iso. A idon doka mutumin bai fita daga tsare ba. Mai tsaronsa ne kawai ya sauya. Shahararren masanin shari'ar Ingila William Blackstone, wanda ya wallafa sharhinsa kan dokokin ƙasar tsakanin 1765 da 1769, ya faɗi haka ƙarara: ya ce sunan ya fito ne daga kalmar Faransanci mai nufin miƙawa, domin ana miƙa wanda ake ƙara ne ga masu tsaya masa, kuma ana ɗaukar cewa yana ci gaba da zama a tsaronsu na abota maimakon ya tafi kurkuku.

Don haka, Malam, ranar da ka sa hannu a takardar nan, abin da ka karɓa shi ne ƙanenka, ba abin da ka saya ba. Naira dubu ɗari biyar ɗin alkawari ce da ke rataye a wuyanka, ba za a nemi ka biya ba sai idan ya gudu ka kasa kawo shi kuma ka kasa ba kotu gamsasshen dalili. Hausar da muke yi ma ta fi kusa da asalin fiye da tunanin abokinka, domin muna cewa "an ba da belinsa", "ya karɓi belinsa", "ya tsaya masa", kuma dukkansu maganganu ne na miƙawa da karɓa tsakanin mutum da mutum.

A nan ne na ga abin da ya fi burge ni a binciken wannan kalma, kuma duk wanda ya yi karatun zaure zai gane shi nan take. A littattafan fiƙihun Malikiyya, lamunin da mutum ke yi wa wani ana kiransa kafala ko damana, amma akwai suna na uku da malaman mazhabar suka yawaita amfani da shi, wato hamala, mai lamunin kuma hamil, daga aikatau "hamala", ɗaukar kaya. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani an kawo hukuncin "hamilul wajhi", wanda ya ɗauki nauyin kawo fuskar mutum gaban shari'a, cewa idan bai kawo shi ba zai biya, sai fa idan tun farko ya gindaya sharaɗin ba zai biya ba. Akwai kuma hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito mai cewa "azza'imu garimun", wato mai lamuni mai biya ne, sannan malamai kan kafa hujja da Suratu Yusuf, inda Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya ƙi sakin ɗansa ga 'yan'uwansa sai da suka yi masa alkawari da sunan Allah cewa za su dawo masa da shi. Larabci bai aro daga Latin ba, Latin ba ta aro daga Larabci ba, amma kowanne ya dubi wanda ya tsaya wa wani ya kira shi mai ɗaukar kaya. Wannan ya nuna cewa lokacin da Turawa suka kawo mana kalmar beli, ba su kawo mana sabon abu ba; alƙalan ƙasar Hausa sun san lamuni tun kafin zuwansu, suna ne kawai ya ƙaru.

Da yake beli ya kasance a hannun hakimai, ba a daɗe ba ya zama hanyar ci da ceto: mai hali ya fita ko da laifinsa ya kai ya kawo, marar hali ya ruɓe a ciki. Wannan ne ya sa a 1275 Sarki Edward na Ɗaya ya sa aka zayyana a cikin Dokar Westminster laifuffukan da za a iya ba da beli a kansu da waɗanda ba za a iya ba, aka kuma hana hakimai karɓar lada a kan belin da doka ta halatta. Wato kukan da ake yi yau cewa an rubuta "beli kyauta ne" a bangon ofisoshin 'yan sanda amma a aikace ba haka abin yake ba, kuka ne da ya haura shekara ɗari bakwai a duniya. Bayan hakimai sai sarakuna suka karɓi wasan. A 1627 Sarki Charles na Ɗaya ya tsare wasu manyan mutane da suka ƙi ba shi rancen dole, biyar daga cikinsu suka garzaya kotu, alƙalai kuma suka ƙi ba da belinsu bisa hujjar cewa da umarnin sarki na musamman aka tsare su. Majalisa ta mayar da martani da takardar neman haƙƙi ta 1628, sannan a 1679 ta kafa dokar da ta wajabta a kawo wanda aka tsare gaban alƙali cikin ƙayyadadden lokaci. Da aka toshe wannan ƙofa, sai alƙalan da ke biyayya ga fada suka ɓullo da wata dabara: su ba da beli a baki, amma su yanka adadin da ba mai iya tsayawa a kansa. Shi ya sa dokar haƙƙoƙi ta 1689 ta ce kada a nemi belin da ya wuce kima, kuma wannan jimla ce Amurka ta ɗauka kusan kalma da kalma ta sa a gyara na takwas na tsarin mulkinta a 1791.

Amurka ce ƙasar da ma'anar kalmar ta fi karkata zuwa ga fahimtar abokinka. A yawancin jihohinta akwai 'yan kasuwar da sana'arsu ita ce tsaya wa waɗanda ake tuhuma, su karɓi ladan da galibi yakan kai kashi 10 cikin 100 na adadin da kotu ta yanka, ladan da ba a mayarwa ko da an wanke mutum daga laifi. Amma ko a can tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, domin a shari'ar Taylor da Taintor, a farkon shekarun 1870, Kotun Ƙolin ƙasar ta bayyana cewa masu tsaya wa mutum suna da ikon kama shi a duk lokacin da suka so su mayar da shi, har su bi shi zuwa wata jiha, tunda a hannunsu aka danƙa shi. A watan Satumba na 2023 jihar Illinois ta zama ta farko da ta soke belin kuɗi gaba ɗaya. A Ingila kuwa, inda kalmar ta girma, dokar beli ta 1976 ta mai da saki ya zama shi ne asali, tsarewa kuma sai da dalili.

A Nijeriya, sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, sai dai in kotu ta ga akwai uzurin da ya sa aka wuce haka. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi ma suke da irin tasu, ta maimaita ƙa'idar 1689 cewa sharuɗɗan beli kada su wuce kima, ta ba kotu damar neman a ajiye kuɗi ko wata jingina idan ta ga dacewar haka, amma ta ce a mayar wa mai shi idan an gama shari'a. Ta kuma hana a ƙi karɓar mace a matsayin mai tsaya wa wani don kawai ita mace ce, abin da aka daɗe ana yi ba tare da wata doka ta ce a yi ba. Shawarata gare ka ita ce ka riƙe ranakun zaman kotu kamar yadda kake riƙe ranar kasuwa, ka tabbata ƙanenka ya halarta, idan kuma ka ga alamar zai zame maka, doka ta ba ka damar komawa kotu ka nemi a sauke maka nauyin tun kafin ya ɓace.

Sai Malam na Maraɗi. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, kalma ɗaya ce, sai dai Faransawa suna furta ta kamar "bai", Ingilawa kuma kamar "bel". Bambancin shi ne abin da kowane ɓangare ya zaɓa ya miƙa. A Ingila an riƙe kalmar ga miƙa mutum, a Faransa kuma aka riƙe ta ga miƙa gida ko gona ko shago ga wanda zai yi amfani da shi na wani lokaci ya biya haya ya mayar. Mai shagon da ya ba ka haya shi ne "bailleur", kuma wannan kalma ce kuke ji a labarai idan ana maganar ƙasashe da hukumomin da ke ba da kuɗin ayyukan raya ƙasa, domin su ma miƙawa suke yi. Abin da 'yan Nijeriya ke kira beli kuwa, a kotunan da ke aiki da Faransanci ana kiransa sakin wucin gadi, abin da aka ajiye kuma "caution".

Ita ma dokar Ingila ba ta yar da ma'anar miƙa kaya ba, tana da babi guda mai suna "bailment" da ya shafi ajiya da aro da jingina da kayan da aka ba wani ya kai wani wuri, kusan abin da fiƙihu ke tattaunawa a babin wadi'a da ariya da rahanu. Shari'ar da aka fi ambata a wannan babi ita ce ta Coggs da Bernard a 1703, wadda Babban Joji Holt ya yanke. Bernard ya ɗauki alkawarin kwashe wa Coggs wasu gangunan barasa daga wani ɗakin ajiya zuwa wani, garin sakaci ganga ɗaya ta fashe, abin da ke ciki ya malale. Da aka kai shi ƙara, hujjar da aka kawo don kare shi ita ce ba a nuna an biya shi lada ba, kuma ba a nuna cewa dako ne sana'arsa ba. Kotu ta ce wannan ba ya kuɓutar da shi, tunda ya karɓi kayan a hannunsa ya fara aikin, saboda haka sai ya biya.